Hatsarin Ɗaukar Keke Mai Ƙafa Uku a Bisa Tirela

Jama'a, yau karatunmu a kan keke mai ƙafa uku ne, wanda waɗansu ke kira Keke Napep, mutanen Kano kuwa su ce A Daidaita Sahu. Babu wanda bai san shi ba a cikinku. Shi ke kai mata asibiti, shi ke kai yara makaranta, ranar kasuwa kuma shi ke ɗauko buhu daga ƙauye. Amma ba maganar tuƙinsa za mu yi ba. Abin da mu ke so mu duba shi ne ranar da keken da kansa ya zama kaya, watau ranar da aka ɗora shi bisa tirela za a kai shi wani gari.

Wannan magana ta shafe ku. Wani ya sayar da bijiminsa da amfanin gonarsa na shekara, kāna ya sayi keke. Wani bashi ya karɓa, zai riƙa biya mako-mako. In keken ya faɗo daga tirela a hanya, bashi yana nan bai mutu ba, abin biyan kuwa ya tafi. Wannan ma ƙaramar hasara ce. Babbar ita ce a ce keken ya faɗa wa mutane.

Inda keken ya fito

A ƙasar Italiya wani kamfani mai suna Piaggio ya fara ƙera irinsa mai ɗaukar kaya a shekarar 1948. Daga baya mutanen Indiya suka riƙe sana'ar da hannu biyu. Yawancin waɗanda mu ke gani a ƙasar nan nasu ne, kamar Bajaj da TVS. A jirgin ruwa a ke kawo su Ikko, watau Legas, galibi gunduwa-gunduwa cikin akwatuna, sa'an nan a harhaɗa su a nan.

A Legas ya fara yawa, zamanin da Buba Marwa ke mulkin jihar, tsakanin 1996 da 1999, shi ya sa can a ke ce masa Keke Marwa. A 2001 Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin rage talauci mai suna NAPEP, ta rarraba kekunan, sunan ya bi su. A Kano kuwa ya ari sunansa daga shirin A Daidaita Sahu na zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau. Da aka hana acaɓa a birnin Kano a 2013, sai ya daɗa yawa ƙwarai.

To, ku duba nisan da ke tsakanin inda a ke harhaɗa keke da inda a ke aiki da shi. Daga Legas zuwa Kano wajen kilomita 1,000 ne. Ba a yi keke don irin wannan tafiya ba. Injinsa ƙarami ne, sabon inji kuwa ba ya son a matsa masa tun bai saba ba. Ga shi ba shi da lamba tukuna, ga manyan motoci a hanya. Don haka sai a ɗora shi bisa tirela. Haka kuma in an sayi na hannu a wani gari, ko in ya lalace za a kai shi wurin makanike a birni. Ɗorawar ba laifi ba ce. Laifin yana wajen yadda a ke yin ta.

Ku fara sanin abin da za ku ɗauka

Keke ba babur ba ne. Nauyinsa, ba kowa a ciki, ya kan kai kilo 350 zuwa 400. Buhun siminti kilo 50 ne. Ke nan keke ɗaya buhu bakwai ne ko takwas na siminti, an haɗe su wuri guda, an kuma sa musu ƙafafu masu gangarawa. Tsawonsa ya ɗara mita biyu da rabi, faɗinsa kusan mita ɗaya da kwata, tsayinsa kuwa kamar na namiji tsayayye.

Akwai abu uku a jikinsa da ya kamata ku riƙe.

Na ɗaya, ƙafarsa guda ce a gaba, biyu a baya. Mota ƙafa huɗu gare ta, ko wace kusurwa da abin da ya tokare ta. Keke kuwa kusurwoyinsa biyu na gaba babu kome a ƙarƙashinsu. In aka tura shi ta wajen ɗaya daga cikinsu, nan da nan sai ya kife.

Na biyu, a yawancinsu injin yana baya ne, ƙarƙashin kujerar fasinja. Watau bayansa ya fi gabansa nauyi.

Na uku, ƙarafan da ke riƙe da rumfarsa sirara ne. An yi su don su riƙe tanti, ba don su riƙe keke ba.

Duk hatsarin da za mu ambata, in kun duba, daga waɗannan abubuwa uku ya ke tasowa.

Hatsari na farko: wajen ɗorawa

Da yawa tun mota ba ta tashi daga tasha ba a ke samun rauni. Bodin tirela ya kan kai ƙirjin mutum. Sai ka ga an jingina falanki biyu, an tara samari, ana ta "A kama! A kama!" An manta keke sawu uku gare shi. Ƙafafun baya sun sami abin hawa, ta gaba kuwa tana tsakiya a sarari. Don haka falanki uku a ke bukata, masu kauri, ba masu tsaga ba. A ɗaure kawunansu a jikin bodi don kada su zame. Tsawon ko wane falanki ya kai ninki uku ko huɗu na tsayin bodin, gama gajeren falanki hawansa a tsaye ya ke.

Abin da ya fi duka shi ne a nemi tudun lodi, irin wanda a ke hawar da shanu a kara. Tirela ta ja da baya ta manne da tudun, sai a gangara da keke ciki kamar ana shiga zaure.

Kada kowa ya ta da inji ya ce zai hau falanki da tuƙi. In injin ya mutu a tsakiyar hawa, keke baya zai dawo. In kuma ya yi tsalle, sai ya je ya bugi gaban bodi. Da hannu a ke yi. A ɗaura igiya a ƙarfen gindinsa ta gaba, mutum biyu ko uku su ja daga sama. Masu turawa su tsaya a gefe, dama da hagu. Kada wani ya tsaya daidai bayansa, don in igiya ta tsinke shi keken zai fara danne wa. Mutum ɗaya ya riƙa bin ƙafar baya da weji, in an huta ya soka. Kuma mutum ɗaya tak zai riƙa ba da umurni. In baki ya yi yawa, wannan ya ce a ja, wancan ya ce a saki, nan a ke karya ƙafa. A kori yara daga wurin.

Kafin a fara duk wannan, direba ya kashe motarsa a wuri mai daidai, ya ja birkin hannu, yaron mota ya sa weji.

Hatsari na biyu: ɗauri

Nan ne gindin maganar. Ku saurara da kyau.

Wanda ya taɓa ɗora kwanon ruwa a amalanke ya san abin da ke faruwa in shanu suka tsaya farat ɗaya. Amalanke ya tsaya, amma ruwa bai tsaya ba, gaba ya ke zuba. Haka ko wane kaya ya ke. In direba ya taka birki da ƙarfi, tirela ta tsaya, keke kuwa yana so ya ci gaba da tafiya. Masu ilmin ɗaurin kaya sun auna, sun ce ƙarfin da kaya ke yi zuwa gaba a irin wannan birki ya kusa kai nauyin kayan kansa. A kwana kuma, kamar rabin nauyinsa ke jan sa zuwa gefe. Haka in mota ta fizga, kamar rabi ke jan sa baya.

Mu yi lissafi. Keke kilo 400. A birki, kusan kilo 400 ke jan igiya zuwa gaba. A kwana, kilo 200 ke jan ta gefe. In keke shida ne a tirela, shida sau 400, kilo 2,400 ke nan. Yanzu ku tambayi kanku: igiyar da ku ke ɗaure akuya za ta riƙe wannan?

Waɗansu su kan ce, "Ai na ja birkin hannu, na sa shi a giya." Madalla, ku yi hakanan. Amma birkin hannu ƙafafun baya kaɗai ya ke riƙewa, kuma juyawa ya ke hana su, ba ya hana su zamewa. Bodin tirela ƙarfe ne ko katako mai santsi. In akwai ɗan mai ko ruwa ko ƙwayar hatsi a kai, keke zai zame da birkinsa a jaye.

Ga yadda a ke ɗauri mai kyau:

1. A tsai da keke bisa ƙafafunsa uku, a kan daɓen bodi, fuskarsa tana duban gaba. Ƙafar gaba ta tokari gaban bodi ko wani katako mai ƙarfi da aka kafe.

2. A sa weji gaba da bayan ko wace ƙafa. In daɓen na katako ne, a buga wejin da ƙusa. Ƙafar gaba a sa mata katako dama da hagu kuma, don kada kan keken ya juya.

3. A yi ɗauri huɗu a ƙalla, biyu gaba, biyu baya. Na gaba su ja gaba, su ja ƙasa, ɗaya dama ɗaya hagu. Na baya su ja baya, su ja ƙasa, ɗaya dama ɗaya hagu. Ku tuna da yadda a ke kafa tanti: ko wace igiya tana jan tata kusurwa, sai sanda ta tsaya cak. Ɗaurin nan biyu na gaba su ke tsaya wa keke a madadin ƙafafun da ba shi da su.

4. A ɗaura a jikin shasi, watau babban ƙarfen gindin da inji da ƙafafu ke bisansa. Kada a ɗaura a ƙarafan rumfa, ko madubi, ko marfin taya. Kada kuma igiya ta bi ta kan wayar birki ko tiyon mai.

5. A ja ɗaurin har sifirin keken ya ɗan zauna. In ba a yi haka ba, ko wane rami mota ta faɗa sai keke ya yi ƙasa ya yi sama, igiya ta saki ta ɗame, har ta kwance ko ta tsinke. Amma kada a danne sifirin har ƙarshe, sai ya lalace.

6. Duk inda igiya ta gogi bakin ƙarfe, a sa tsumma ko guntun tsohuwar taya. Bakin ƙarfe wuƙa ne mai yanka sannu-sannu.

Da me za a ɗaure? Abin da ya fi shi ne bel mai faɗi irin na manyan motoci, mai ƙarfen ɗamewa a jikinsa. A kan ɗinka masa 'yar takarda mai nuna nauyin da zai iya riƙewa. Ku da ku ka iya karatu yanzu, ku duba lambar da idonku. In babu bel, a nemi igiya sabuwa mai kauri, a riɓanya. Igiyar da ta daɗe a rana ta ƙone, ko da ido bai gani ba. Wadda aka yi wa ƙulli a tsakiya don an haɗa guntaye, ƙarfinta ya ragu, wani lokaci har kusan rabi. Robar tsohon tib kuwa, wadda a ke ɗaure kaya a bayan babur, kada ma a kawo ta nan. Miƙewa ta ke yi, ba ta riƙe kome.

In an gama, mutum biyu su kama keken su girgiza shi da ƙarfi. In ya motsa shi kaɗai, a sake ɗauri. In kuwa sai da bodin ya motsa tare da shi, to, ɗauri ya yi.

Hatsari na uku: ɗora keke a kan kaya

Mun sha gani a hanya: tirela ta yi lodin buhuna har sama, sa'an nan aka ɗora keke a bisa, don a sami kuɗin ƙari. Mai keke yana murna ya sami araha. Amma araha ba ta ado.

Buhu ba daɓe ba ne. In mota ta fara tafiya, buhuna su kan zauna, su lotsa. Igiyar da aka ɗame a tasha, kafin a yi nisa ta saki. Ban da wannan, duk kayan da nauyinsa ya koma sama, faɗuwarsa ba wuya. Mace mai ɗauke da tulu a ka ta fi mai riƙe da shi a hannu kula da tuntuɓe. Haka tirela ta ke a kwana, ko in ƙafafunta na gefe ɗaya suka sauka daga kwalta.

Akwai kuma maganar tsawo. Bodi, da buhuna, da keke a bisa, sun isa su taɓa wayar lantarki a cikin gari, ko reshen itace, ko ƙarƙashin gada. Direba ya saba da tsawon motarsa, ya kan manta an ƙara masa tsayin mutum guda.

Iska ma tana da nata. Tantin keke in ya cika da iska sai ya zama kamar laima, yana fizgar keken sama. Gara a kwance tantin a naɗe, ko a ɗaure shi tam. Gilashin gaba a rufe shi da kwali sabo da tsakuwa. In wani abu ya ɗara bodi ta baya, a ɗaura masa jan ƙyalle.

Hatsari na huɗu: wuta

Tankin keke ya kan ci wajen lita takwas na fetur. Kada ku rena wannan. Ba ruwan fetur ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Tururin nan ya fi iska nauyi, ƙasa ya ke bi, ya taru a lungun bodi ko ƙarƙashin tamfol, ba a ganinsa. Tartsatsi ɗaya ya isa.

Don haka kafin a ɗora keke, a tsiyaye man, a rufe makunnin mai in yana da shi, a ɗaure marfin tanki. A cire wayar batir. Ku duba kan batir, za ku ga alama biyu da ku ka sani a darasin lissafi, ta tarawa da ta ɗebewa. Wayar da ke wajen alamar ɗebewa ita a ke fara cirewa, a naɗe bakinta da tsumma. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, kekuna masu aiki da iskar gas sun ƙaru. In irinsu ne, a rufe bakin tukunyar gas ɗin tam.

Kada a kwantar da keke a gefensa, ko a ɗaga shi tsaye don a sami wurin wani. Baƙin mai zai bi inda bai kamata ba cikin inji, ruwan batir ya tsiyaye ya ci ƙarfe da fata, sauran fetur kuma ya zuba. Kada a haɗa shi da jarkar fetur, ko auduga, ko harawa. Kada kowa ya sha taba kusa da shi, ko ya hura gawayin shayi a bodi.

In wuta ta tashi, kada ku zuba ruwa. Fetur kan ruwa ya ke hawa, ruwan ya ɗauke shi ya yaɗa wutar. Yashi ko ƙasa a ke zubawa, ko a yi aiki da tukunyar kashe gobara, wadda doka ta ce ko wace mota ta riƙe.

Hatsari na biyar: mutum a cikin kaya

Wannan ya fi duka muni. Mai keke ya kan ce, "Ai sai in zauna a ciki in yi gadin abina, kuɗin mota ya huta." Wani lokaci har a ƙara fasinja, ga kujera mai taushi, ga inuwa.

Wanda ya zauna cikin keken da ke bisa tirela, shi ma ya zama kaya, kayan da ba a ɗaure ba. In an taka birki, gilashi zai fasa da kansa. In keke ya faɗo, tare za su faɗo. In tirela ta kife, buhuna da ƙarfe duk a kansa za su sauka. In barci ya kwashe shi, keke ba shi da ƙofa.

Hukumar Kiyaye Haɗura ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta hana haɗa mutane da kaya ko dabbobi a bayan babbar mota. Ba don ta ƙuntata wa talaka ta hana ba. A watan Satumba na 2024, a yankin Agaie cikin Jihar Neja, tankar mai ta yi karo da babbar mota mai ɗauke da shanu da mutane tare. Wuta ta tashi, fiye da mutum 40 suka rasu. Allah ya ji ƙansu. In kana so ka raka kekenka, ka zauna a gaba wurin direba in akwai kujera, ko ka shiga motar fasinja ka tarye shi can.

Ƙaramar tirela

Akwai kuma 'yar ƙaramar tirela mai ƙafa biyu, wadda a ke maƙala wa mota ko akori-kura ta ja. Ita tana da nata hali. Ƙafafunta a tsakiya su ke, kamar sikeli. In nauyi ya fi yawa a bayan ƙafafun, sai ta ɗaga bayan motar da ke janta. Da an ɗan yi gudu sai ta fara kaɗa wutsiya, dama da hagu, tana ƙaruwa, har ta juya motar.

Ku tuna mun ce injin keke yana baya. Ke nan in an shigar da shi da kai, aka bar shi a bakin tirela, nauyin duk ya koma baya. Sai a matsar da shi gaba, har wajen kashi shida cikin goma na nauyin ya zama yana gaban ƙafafun tirela. In tirelar gajera ce, a shigar da shi da baya, a kwance tantin. Bakin tirela ya zama yana ɗan danna ƙugiyar mota ƙasa, ba yana ɗaga ta ba.

A tabbata ƙugiya ta kulle, an soka mata fil. A ƙara sarƙa biyu tsakanin mota da tirela, don ko ƙugiya ta saki. Fitilun baya su yi aiki. A duba iskar tayoyi. In tirela ta fara kaɗawa a hanya, kada direba ya taka birki da ƙarfi, kada kuma ya yi ta murɗa sitiyari. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari daidai, har gudu ya ragu. Sa'an nan ya tsaya ya gyara zaman kaya.

A hanya

Ɗauri ba a yin sa sau ɗaya a manta. Da an fita gari, an yi 'yan kilomitoci, a tsaya a duba, gama nan ne igiya ke fara saki. Bayan wannan a duba duk inda aka tsaya salla ko cin abinci, da bayan an wuce hanya mai ramuka, da bayan ruwan sama.

Littafin dokokin hanya na Nijeriya ya ƙayyade wa tirela gudu: kilomita 45 a awa cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Akwai dalili. In gudu ya ninka biyu, nisan da mota ke bukata kafin ta tsaya ninki huɗu ya ke yi, ba biyu ba. Motar da ke gudun 60 kuwa, kafin ka ce "ɗaya" ta ci wajen mita 17. Kada ku riƙa zuga direba don kuna ɗokin ganin gida. Sannu ba ta hana zuwa. In kun sami zaɓi, ku zaɓi tafiyar rana. Hazon hunturu da duhun dare ba su taimakon kowa.

Ku da ke tafe a ƙasa, ko a babur, ko a keke, kada ku manne wa bayan tirela mai ɗauke da irin wannan kaya. In kun ga igiya tana lilo, ku yi wa direba alama ya tsaya.

Saukewa

Masu ɗoki a nan su ke yin ɓarna. An iso lafiya, dangi sun taru, kowa na so ya taɓa. A dakata. A nemi wuri mai daidai. Kafin a kwance igiya, a duba ko keken ya jingina da ita, don in ya jingina, kana kwancewa zai biyo ka. A bar weji sai an kwance ɗauri duka. A mai da falanki uku, a riƙe keken da igiya daga sama, a riƙa saki kaɗan-kaɗan. Kada kowa ya tsaya a ƙasan falanki. In ya sauka, a duba tayoyi, da birki, da baƙin mai, kāna a mai da batir a zuba fetur.

Takardu

Wani hatsarin ba na jiki ba ne. Keke yana da lamba biyu da aka buga a ƙarfensa, ta shasi da ta inji. Ku karanta su, ku gwada da waɗanda ke cikin rasit da takardun kwastan, harafi da harafi. In sun saɓa, kada ku biya kuɗi, wataƙila na sata ne, a shingen 'yan sanda kuwa wanda aka samu da kaya shi a ke riƙewa.

Ku ɗora kekenku a tasha, a gaban shugabannin tasha, ba a bakin hanya ba. A rubuta takardar kaya: sunan direba, lambar mota, lambobin keke, garin da za a sauke, kuɗin da aka yi, da wanda zai biya in keke ya lalace a hanya. Ku karanta kafin ku sa hannu, ku riƙe kwafi ɗaya. In akwai waya mai hoto, a ɗauki keken bayan an ɗaure shi.

In tsautsayi ya auku

A fara tsai da motocin da ke tahowa, a sa alama nesa gaba da baya. A kira Hukumar Kiyaye Haɗura a lamba 122, ko lambar gaggawa 112. Wanda ke zub da jini, a danne wurin da tsumma mai tsabta. Wanda ya bugu a wuya ko gadon baya, kada a ɗauke shi kamar buhu, a kwantar da shi bisa falanki, kai da jiki su tafi tare. Wanda ya ƙone, a yi ta zuba wa wurin ruwa mai tsabta kamar minti 20, kada a shafa manja ko ƙwai ko toka, a kai shi asibiti.

In kun ga fetur yana zuba, ku yi nisa, ku kori yara. A watan Oktoba na 2024, a garin Majiya cikin Jihar Jigawa, tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru a wurin, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu.

Mu kan ji ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma mai faɗin haka, in dare ya yi, yana ɗaure jakinsa a turke, yana kuma kulle rumbunsa. To, keke ma haka. Bel huɗu da weji shida da falanki uku, kuɗinsu bai kai na keke ba, balle a yi maganar ran mutum. Ku kai wa 'yan'uwanku da ba su zo aji ba wannan bayani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi

1. Falanki nawa a ke bukata wajen hawar da keke? Don me?
2. In keke ɗaya kilo 400 ne, kilo nawa ne keke biyar?
3. A wane ƙarfe a ke ɗaura igiya? Wane ne ba a ɗaurawa?
4. Wace wayar batir a ke fara cirewa?
5. Don me ba a kashe wutar fetur da ruwa?
6. Me ke sa ƙaramar tirela kaɗa wutsiya?
7. Rubuta abu biyar da za a sa cikin takardar kaya.
8. Rubuta wa ɗan'uwanka da ke birni gajeriyar wasiƙa, ka gaya masa yadda zai aiko maka da keke lafiya.